Rodan, Dodon da Ba Ya Gaba da Kowa: Nazarin Fim ɗin Japan na 1956 daga Bakin Kogin Wudil

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki Rodan, ƙaton dodo mai fiffike da kamfanin Toho na Japan ya fito da shi a fim a 1956, ta auna shi da dodannin da Bahaushe ya gada a tatsuniya da littattafai. Hujjar da take kafawa ita ce, Rodan wani irin dodo ne da adabinmu bai ƙera ba tukuna: ɓarnarsa ba ta ƙiyayya ba ce, kuma aikin hannun ɗan Adam ne ya tashe shi. Takardar ta nuna cewa kwarin kogin da ya ratsa Wudil yana da irin wannan labari a zahiri, kuma dabarar da aka yi fim ɗin da ita ba ta fi ƙarfin masu shirya finafinanmu ba.

1.0 Gabatarwa

Na san akwai mai tambaya a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Me zai kawo dodon Japan na kusan shekara saba'in zauren taro a Wudil?

Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, abin da ya cika idon ɗan kallo a ƙasar Hausa shi ne finafinan kaboyi na Amurka, da na Indiya, daga baya kuma na Chana masu faɗa. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai zurfi a kan yadda fim ɗin Indiya ya shiga jinin Bahaushe har ya haifi salon Kannywood. Finafinan dodanni na Japan ba su sami wannan kulawa ba, kuma matashin da ya san sunan Rodan a yau, galibi ya gan shi ne a fim ɗin Amurka na 2019, Godzilla: King of the Monsters, wanda aka zana shi da kwamfuta. Ni na asalin nake so mu duba, domin a nan tunanin yake.

2.0 Fim ɗin da zamaninsa

An fara nuna Rodan a Japan ranar 26 ga Disamba, 1956. Ishiro Honda ne ya ba da umarni, Tomoyuki Tanaka ya shirya, Eiji Tsuburaya ya yi aikin siddabarun hoto, Akira Ifukube ya yi kiɗa. Su ne dai suka yi Godzilla a 1954, sai dai wannan karon da hoto mai kala, karo na farko a finafinan dodanni na Toho.

Labarin ya fara ne a ƙarƙashin ƙasa, a wani ƙauyen masu haƙar kwal a tsibirin Kyushu, kusa da Aso, dutsen nan mai aman wuta. Ruwa ya ɓalle a rami mafi zurfi, aka fara tsintar gawawwakin ma'aikata da sara a jikinsu. Nan take zargi ya faɗa kan wani lebura mai suna Goro, don an ga ya yi faɗa da mamacin farko. Ashe wasu manyan tsutsotsi ne na zamanin da, waɗanda haƙa ya buɗe wa hanya. Injiniyan mahaƙar, Shigeru, ya bi su cikin rami, ƙasa ta rufta da shi, da aka same shi ya manta kowa da komai. Sai ranar da budurwarsa ta nuna masa ƙwan tsuntsunta na keji yana ƙyanƙyashewa abin ya dawo masa: a cikin kogon ya ga wani ƙaton ƙwai ya fashe, abin da ya fito daga ciki yana tsattsagar waɗannan tsutsotsi da suka addabi gari kamar kaza ta sami gara.

Wannan fitowa, a ganina, ita ce mafi gwaninta a fim ɗin duka. Honda ya ɓata kusan rabin fim yana tsorata mai kallo da tsutsa, sannan ya nuna masa cewa tsutsar abincin jariri ce. Bai buƙaci wani ya tsaya ya faɗi tsawon dodo ba.

Daga nan Rodan ya tashi sama. Ya kakkaɓo jirgin yaƙi, ya karya gadar Saikai, ya sauka a birnin Fukuoka ya mayar da tsakiyarsa kufai. Can sai ga na biyu, ashe su biyu ne. A ƙarshe soja suka yi wa maɓoyarsu a Aso ruwan bama-bamai har dutsen ya yi amai. Ɗaya ya faɗa wuta, ɗayan ya ƙi tafiya, ya dawo ya ƙone tare da shi.

Mutanen da suka zauna kallon wannan a 1956 sun san ma'anar wuta daga sama. Shekara goma sha ɗaya kacal da jiragen Amurka samfurin B-29 suka ƙone Tokiyo a daren 10 ga Maris, 1945, inda mutum wajen 100,000 suka mutu. Fukuoka kanta an yi mata ruwan wuta a watan Yuni na wannan shekarar, kuma Nagasaki a Kyushu take. Gadar Saikai kuwa a 1955 aka buɗe ta, abin alfaharin ƙasar da ke miƙewa daga yaƙi, sai ga shi bayan shekara ɗaya an karya ta a majigi. Haƙar kwal ma ba labarin nesa ba ne: Kyushu ce cibiyarta a lokacin, kuma bayan fim ɗin da shekara bakwai, a Nuwamban 1963, fashewa a mahaƙar Miike ta kashe mutum 458.

3.0 Jirgi ne aka sa wa fata

Tun da a garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha muke, bari mu yi ɗan lissafi. An ƙera Rodan ne a kan siffar Pteranodon, wata halitta mai fiffiken fata da ta ƙare tun miliyoyin shekaru, wadda faɗin fikafikanta bai wuce mita 6 zuwa 7 ba. Ɗaya daga cikin mafiya girman danginta da aka tono, Quetzalcoatlus, ya kai mita 10 zuwa 11. Toho kuwa ta ba Rodan fikafikai na mita 120 da nauyin tan 15,000. Jirgin dakon kaya Antonov An-225, wanda ba a taɓa ƙera mai nauyinsa ba, faɗin fikafikansa mita 88 ne, kuma iyakar nauyin da ya iya tashi da shi kafin a lalata shi a 2022 tan 640 ne.

Ƙa'idar sananniya ce. In ka ninka tsawon halitta sau biyu, shimfiɗar fiffike za ta ninku sau huɗu, amma nauyi sau takwas. Shi ya sa tsuntsayen da suka fi nauyi a cikin masu tashi, irin su babban tuje na Afirka, da ƙyar suke kai kilo 20. Rodan ba zai ɗaga daga ƙasa ba ko da taku ɗaya.

Masu fim ɗin ba jahilai ba ne, ba tsuntsu suke zanawa ba. A sararin sama Rodan kusan ba ya kaɗa fiffike. Yana bar farin layi a bayansa, yana ƙara irin ta inji, yana gudu fiye da sauti, wato sama da kilomita 1,200 a awa, har jiragen F-86 na sojan Japan suka kasa cim masa. Marubucin labarin, Ken Kuronuma, ya sami tunanin ne daga mutuwar Kyaftin Thomas Mantell, matuƙin jirgin sojan Amurka da ya faɗo a Kentucky a Janairun 1948 yana bin wani abu da ba a gane ba a sama. Saboda haka makamin Rodan ba haƙori ba ne, ba wuta ba ce. Iskar wucewarsa ce. A Fukuoka kyamara ta tsaya a kan rufin gidaje tana nuna fale-falen rufi suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, allunan shaguna suna tashi, motoci suna mirginawa suna afka wa kantuna, sojoji suna riƙe abin da hannu ya kama iska tana fizgarsu. Shi kuwa ko kallonsu ba ya yi. Yakan ci mutum ko dabba jifa-jifa, amma wannan ba komai ba ne in an gwada da abin da ya hallaka bai ma sani ba.

4.0 Dodon Bahaushe

A nan ne bambancin yake. Duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara daga 1911 zuwa 1913, ko na Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko ya tuna na bakin kakarsa, zai ga Dodo na ƙasa ne ko na ruwa. Yana da gida, yana da mata, yana jin magana. Ana yin ciniki da shi: mace mai ciki ta yi masa alkawarin abin da za ta haifa in ya biya mata buƙata, shekaru su wuce, ya zo karɓar bashinsa. Yana da ciki, kuma cikin nan shi ne ajalinsa, don in ya haɗiye gari da shanu, akan sami mai wuƙa ya farke shi daga ciki kowa ya fito. Auta ya kashe shi ya bar takalmi a wurin don a gane mai aikin. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ma haka: yana da doka, yana da ranar da yake barin a ɗebi ruwa, kuma takobin baƙo ɗaya ya raba gardama. Dodon Bahaushe azzalumin sarki ne ko mugun mai bin bashi. Yana nufinka da sharri, ya san sunanka, kai ma ka san inda za ka same shi.

Manyan tsuntsaye kuwa a tatsuniya galibi masu ceto ne. Shaho ko mikiya ko gaggafa su ne ke ɗauke jarumi a bayansu lokacin da ƙasa ta yi masa zafi. Wanda ya fi kusa da Rodan a abin da muka karanta baƙo ne, wato Rukh na labarin Sindbad a Dare Dubu da Ɗaya. Kamannin har da ban mamaki: ƙwai kamar ƙubba, tsuntsun da ke rufe rana, kuma a tafiya ta biyar su biyu ne, mace da namiji, suka jefa wa jirgin ruwa duwatsu. Amma Rukh fansa yake ɗauka, don fatake sun fasa masa ƙwai sun cinye ɗansa. Har yanzu muna cikin duniyar laifi da sakayya. Rodan babu wanda ya yi masa laifi, babu wanda yake nema.

Akwai kuma wani abu da tarbiyyarmu ta dasa mana. Kowane yaro da ya je makarantar allo ya san ƙissar rundunar giwaye, da yadda Allah Ya hallaka ta da tsuntsaye jere-jere. A tunanin Bahaushe, halaka daga sama ba lallai ta zo da girma ba, takan zo da yawa. Wannan zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

5.0 Abin da ya tashe shi

A cikin fim ɗin, masanin da ya gano asalin Rodan ya kawo zaton cewa gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya ne suka tayar da ƙwan daga barcinsa. Da aka kai fim ɗin Amurka a 1957, aka ɗora masa muryar Turanci (George Takei, wanda ya yi suna daga baya a Star Trek, yana cikin masu muryar), sai aka ƙara masa hotunan gwajin bam a farko. Japan tana da dalilinta: ranar 1 ga Maris, 1954, tokar gwajin Amurka a tsibiran Bikini ta sauka a kan jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba.

Mu ma an taɓa tsorata mu da irin wannan toka. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a tsakiyar lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura zuwa kudu. Bayan gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961, ta kori jakadanta, ta hana jiragenta sauka. Ƙasa mai wata uku da samun 'yanci ke nan. Japan ta mayar da tsoronta fim bayan fim, har Mothra na 1961 ma a kan tsibirin da aka yi gwajin bam aka gina shi. Mu tsoronmu ya tsaya a shafin jarida da littafin tarihi. Haka gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400. Abu ne da aka tono daga ƙasa, ba ya gaba da kowa, kuma ya kashe.

Amma misalin da ya fi kusa yana wucewa ta ƙarƙashin gadar garin nan. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su gangara Hadeja da fadamun Nguru. Da can ruwan na damina ne, ya cika ya malala, da rani ya ja baya ƙasa ta bushe. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, aka koma sakin ruwa rani da damina. Ciyawar kachala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta mamaye hanyoyin ruwa a ƙasan kwarin, ta tare laka, ta cinye gonaki da wuraren su, ta karkatar da ambaliya zuwa inda ba a saba ba. Sannan ta zama ɗakin kwanan tsuntsun jan-baki.

Jan-baki ɗaya nauyinsa wajen giram 20 ne, yana cin kusan rabin nauyinsa kullum. Garke mai miliyan biyu zai iya cinye tan 20 na hatsi a yini ɗaya, buhu 200 ke nan masu kilo ɗari-ɗari, ban da wanda suke kakkaɓewa ƙasa. Ana ƙiyasta yawansu a Afirka da biliyan ɗaya da rabi, babu tsuntsun daji da ya kai su. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar shinkafa lokacin da ta fara nuna ya san yadda abin yake. Tun asuba yara suna kan kunya, an ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, wannan yana jan igiya, wancan yana wurga majajjawa, murya ta dushe kafin hantsi. Can sai a ga wani baƙin abu ya taso daga gabas yana murɗewa yana buɗewa, da ƙugi, ya sauka a gonar da ba a kula ba. Kafin a ruga a kai, zangarniya ta zama fanko.

Wannan shi ne Rodan ɗinmu, kuma ya cika sharuɗɗan duka. Yana zuwa daga sama. Ba ya nufin manomi da komai, ba a ciniki da shi, ba shi da wuyan da takobi zai sara. Jan-baki tsohon ɗan ƙasa ne, ba madatsa ta halicce shi ba, kamar yadda ba bam ne ya yi ƙwan Rodan ba. Aikin injiniya dai ya shimfiɗa masa wurin kwana da abincin rani. Bambancin kawai, na Japan jiki ɗaya ne mai girma, namu ya zo da yawa, daidai da yadda tunaninmu ya riga ya san halakar sama.

Abin da nake zargin adabinmu da shi a nan shi ne, in bala'i ya zo a fim ɗin Hausa, sai an nemo mai hannu a ciki: kishiya, boka, maye, aljani. Mutanen ƙauyen Rodan ma da haka suka fara, suka ɗora wa Goro, matan gari suka taso wa 'yar'uwarsa. Honda ya bar su suka yi, sannan ya nuna musu ramin da kamfaninsu ya haƙa.

6.0 Yadda aka ƙera shi

Akan ce irin wannan fim sai mai kuɗin Amurka. Tsuburaya ba shi da kwamfuta. Mutum ne, Haruo Nakajima, ya shiga rigar roba, aka rataye shi da wayoyin ƙarfe, har wata rana a wurin ɗaukar fitowar gada wayar ta tsinke ya faɗo cikin ruwa, rigar ce ta cece shi. Birnin Fukuoka kuwa ƙananan gine-gine ne da kafintoci suka yi, an jera fale-falen rufi da hannu don su tashi ɗaya-ɗaya in an kunna manyan fankoki. Ko mutuwar Rodan a bakin dutse, wadda ta sa mutane hawaye, an ruwaito cewa waya ce ta tsinke ana cikin ɗauka, Tsuburaya ya ce a ci gaba.

Sirrin da ke sa ƙaramin abu ya yi nauyi a ido lissafi ne. In an rage gini sau 25, sai a ƙara gudun kyamara sau 5, wato hoto 120 a daƙiƙa maimakon 24, sannan a nuna shi da gudun da aka saba. Wayoyin hannu da yawa da ke aljihun mahalarta wannan taro suna ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa. Hannun da zai yi aikin ma muna da shi. Yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani, da magina, da masu walda, da 'yan tashe masu shiga siffar dabbobi, duk suna nan. Wasan Dodo da ake yi da azumi a Wagadugu, mai fuskokin dabbobi, fataken Hausawa ne suka kai shi. Kannywood, wadda ta faro da Turmin Danya a 1990, ta taɓa juya tatsuniyar Daskin da Riɗi zuwa fim kuma ya karɓu. Wanda zai gina gadar Wudil da kara ta ranar Juma'a a kan tebur, da tireloli da shanu, ya kunna musu fanka, ba zai rasa ma'aikata ba.

Wahalar tana wurin marubuci. Madatsar da ta shimfiɗa wa kachala gado ita ce ke ba da shinkafar Kura da Kadawa da ruwan famfon birnin Kano, don haka babu mugun da za a kashe a tashi. Maganin ma da nasa ciwon. A fim ɗin an gargaɗi soja cewa bama-bamansu za su tayar da Aso su cuci mazauna gindinsa, suka kwashe mutane suka harba. A nan kuma jirgi ake ɗaukowa ya yi wa makwancin tsuntsayen feshi da magani irin su fenthion, wanda ba ya bambanta jan-baki da sauran tsuntsaye, kuma a kan ruwan da ake su a cikinsa yake sauka. Akwai kuma abu ɗaya da marubucin Toho bai taɓa fuskanta ba: a Hadeja da yankin Tafkin Chadi ana kafa wa jan-baki raga da dare, a fige, a soya, a kai kasuwa, kuma akwai gidajen da wannan sana'a ce ke ciyar da su. Duk wanda zai rubuta wannan fim sai ya yanke shawarar ɓangaren da zai ajiye mai ragar.